Darasi na Tara: Ɗauko Maganar Wani da Mayar Masa da Amsa a Rubuce

Wanda ya iya karanta saƙo da kansa ya huta da neman mai karanta masa. Saura mayar da amsa yadda mai saƙon zai gane. Da baki abin ba wuya, tunda mutum yana gabanka. A rubuce kuwa, amsarka tana iya isa bayan kwana biyu, lokacin shi kansa ya manta abin da ya tambaya.

Sakataren wata ƙungiyar manoma ya turo wa wani dattijo wannan saƙo ta waya:

"Salamu alaikum Baba. Za ku samu zuwa taro ranar Asabar? Kun biya kuɗin taki? A kai waken naku Dawanau ko a dakata?"

Baba ya amsa da "E" kawai. To, e ɗin me? Idan sakatare ya ɗauka ta wake ce, sai ya loda buhuna a mota su nufi Kano, alhali Baba taro yake nufi. Ga yadda ya kamata ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Da fatan an wuni lafiya.
Ka ce: "Kun biya kuɗin taki?"
Na biya rabi, saura sai bayan kasuwar Laraba.
Ka ce: "A kai waken naku Dawanau ko a dakata?"
A dakata tukuna.
Taro kuma ina nan tafe in Allah ya yarda.

Ku lura da alamomi biyu. Bayan "ka ce" an sa ruwa biyu (:), sannan aka sa maganar sakatare cikin alamar zancen wani (" "). Tambaya tana sama, amsarta tana ƙarƙashinta. Baba bai kwafe saƙon duka ba, ya ɗauko jimlar da yake amsawa ce kawai. Hakan ma tattalin kati ne: saƙon tes guda haruffa 160 yake ɗauka, idan kuwa akwai harafi mai lanƙwasa irin ɗ ko ƙ a ciki, sai ya koma 70. A WhatsApp ba sai ka sake rubutawa ba, ja saƙon zuwa dama da yatsa, zai fito a saman amsarka.

Duk abin da ka sa cikin alamar zancen wani amana ce. Kana shaida wa mai karatu cewa haka mutumin ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Kun sha jin malamai sun kawo hadisi sun rufe da "au kama ƙala", domin gudun jingina wa Annabi (SAW) lafazin da ba su tabbatar ba. Kai ma in ba ka riƙe kalmomin mutum daidai ba, cire alamar, ka rubuta: abin da na fahimta daga maganarka shi ne kaza.

Mafi haɗari shi ne yanke magana a tsakiya. Aya ta 4 a Suratul Ma'un tana ambaton azaba ga masallata, aya ta 5 ce ta bayyana cewa masu sakaci da sallarsu ake nufi. Wanda ya tsaya a ta farko ya juya ma'anar. Haka idan maƙwabcinka ya rubuto, "Ba zan ba ka rancen ba sai an sayar da gero," kai kuma ka nuna wa dangi rabin farko kawai, ka yi masa ƙarya da kalmomin bakinsa. Irin wannan ya sha raba zumunci. Ai tun farko ma, saƙon da aka turo maka kai kaɗai ba a nuna wa wani sai da izinin mai shi.

In saƙo ya ɓata maka rai, ajiye wayar sai ka huce. Rubutu ba ya ɗauke da murya, wataƙila wasa yake yi.

Aiki

1. Yayarka ta rubuto: "Ƙanena, yaushe za ka zo suna? Ka samo mini atamfar? Yaya jikin Inna?" Rubuta amsa a littafinka, ka fara da gaisuwa, ka ɗauko tambayoyi biyu cikin alamar zancen wani.

2. Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya faɗi jimla mai "sai" ko "amma" a tsakiya, ɗayan ya rubuta ta cif, sannan ya karanta wa mai ita ya ji ko haka ya faɗa.