Yadda Ake Tsara Wayoyin Sauti, Hoto da Intanet Kafin Gida Ya Sha Filasta

Lokacin wannan aiki shi ne bayan an gama ɗora bulo, kafin mai filasta ya shigo. In aka wuce nan, sai dai a fasa bango, ko a bar waya tana bin jikin gini a fili.

A fara da zaɓen wuri ɗaya da duk wayoyin gidan za su haɗu, ƙaramin sito ko ƙarƙashin bene, a tsakiyar gida, inda iska ke shiga. Nan za a ajiye rauta da suwic mai raba intanet ga wayoyin da dikoda da amfilifaya da na'urar da ke adana hoton kyamarori. Kowace waya ta taso daga nan kai tsaye zuwa inda za ta yi aiki. Kada a bar mai wayarin ya yi irin na lantarki, ya ɗauko daga wannan soket ya kai wancan. Wayar intanet ba a yi mata ɗori.

Wayar da za a saya ita ce Cat6, iyakar tsawonta mita 100, 90 a cikin bango, ragowar na guntayen da ake sokawa a bakin biyu. A ja biyu zuwa bayan kowane talabijin, ɗaya zuwa kowace kyamara, ɗaya zuwa get saboda ƙararrawa mai hoto. Kwali ɗaya mita 305 ne, don haka wurare 20 masu nisan mita 25 za su ci kwali biyu. A nan ake yawan cutar mutane: kasuwa cike take da waya mai suna CCA, wato alminiyam ne aka yi masa rufin jan ƙarfe. A kankare sili ɗaya na cikin wayar da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki, a mayar wa mai shago abinsa. Tana saurin karyewa, kuma tana ɗaukar zafi idan aka tura wuta ta cikinta.

Rauta ɗaya a falo ba za ta riƙe gidan bulo mai rufin kankare ba, domin siminti da rodi suna cinye siginar, musamman ta zangon Wi-Fi mai sauri, wato 5 GHz. A sa na'urar watsa Wi-Fi a jikin silin, aƙalla ɗaya a kowane hawa, a ja mata tata wayar kafin a rufe silin. Suwic mai PoE zai ba ta wuta ta cikin wayar, ba sai an yi soket a sama ba. Ma'aunin PoE na 802.3af yana ba da wat 15.4 a kowane bakin suwic, 802.3at kuma wat 30. A tara abin da kyamarori da na'urorin za su ja, a gwada da jimillar ƙarfin suwic ɗin, in ba haka ba da dare, lokacin da fitilun kyamarori suka kunna, wasunsu za su riƙa mutuwa.

Wayar HDMI ta gama-gari, mai kai hoto da sauti talabijin, takan fara ɗauke hoto bayan mita 10 zuwa 15. In nisan ya wuce haka, a tura hoton ta Cat6 da na'urar HDBaseT. Dish kuwa wayar RG6 yake so.

Lasifikar silin a ja mata waya mai kaurin milimita 1.5 murabba'i, in ta wuce mita 15 a koma 2.5. A kula da lissafin om, wato ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta: lasifika biyu masu om 8 a kan bakin amfilifaya guda sun zama 4, huɗu sun zama 2, kuma yawancin amfilifayar gida ba ta jure wannan, sai ta yi zafi ta kashe kanta. Kowane ɗaki a ba shi layinsa.

Duk wayoyin nan su bi ta bututun roba na milimita 25, kada a cika shi fiye da kashi 40 cikin ɗari, a bar igiya a ciki don jan wata waya nan gaba. Bututun ya yi nesa da na lantarki da kamar santimita 30, in dole su haɗu, su gitta juna. A toshe bakinsa da takarda da salatif, in ba haka ba kwaɓin siminti zai cika shi, ɓera kuma ya samu hanya.

A ɗora ɗakin na'urorin kan inbata domin ɗaukewar wuta, a sa abin kare su daga hawan wuta da tsawa, a haɗa shi da ƙarfen da aka binne a ƙasa. Ƙurar hunturu tana toshe fankokinsu, a riƙa hurewa.

Kafin filasta, a rubuta lamba a bakin kowace waya gaba da baya, a haɗa kawunan duka bisa tsarin jera launukan waya na T568B, a gwada kowace da na'urar gwaji, sannan a ɗauki hoton kowane bango da bututunsa a bayyane, domin ranar da za a huda shi a rataya talabijin.