Yadda ake haɗa albam ɗin rawa da kiɗan ƙasashe daban-daban

Kafin ka kira makaɗi ko ɗaya, zaɓi gudun albam ɗin, wato adadin bugu a minti ɗaya, abin da manhaja ke rubutawa BPM. Kiɗan house da ya taso a Shikago a shekarun 1980 yana tafiya tsakanin 120 da 128, amapiano na Afirka ta Kudu wajen 112, regeton kuwa ba ya cika wuce 100. In kowace waƙa ta zo da gudun ƙasarsu, mai rawa zai yi ta tsayawa yana gyara ƙafa. Ni nakan ware daga 110 zuwa 122, duk kiɗan da zai shigo a nan zai zauna. Wanda ya ƙi, akwai dabarar ninki: kiɗa mai gudun 60 yana hawa kan mai 120 daidai wa daida.

Sai ƙashin bayan kiɗan. Akwai wani salo da nake yawan dogara da shi, wanda 'yan Kyuba ke kira tiresiyo. Ka raba gida takwas uku, uku, biyu. Tafa shi da hannu za ka ji ka san shi, don yana cikin dancehall na Jamaika, yana cikin regeton, yana cikin afrobeats. Ka ɗora shi a kan babbar ganga mai bugu huɗu, ka sami filin da baƙi da yawa za su iya tsayawa. Tintal, salon bugun Indiya mai bugu 16, ma yana shiga ba gardama. Amma rupak mai bugu 7, ko 9/8 na Turkiyya da yankin Balkan, kada ka danne su cikin huɗu. Ko ka gina waƙar gaba ɗaya a kansu, ko ka ɗauke ganga na ɗan lokaci ka bar su su yi tafiyarsu.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne saitin amo. Fiyano yana da sauti 12 a kowane zango, kuma kusan duk manhajojin kiɗa a kan haka suke zuwa. Maƙaman Larabawa, wato tsare-tsaren amonsu, irin su rast da bayati suna da sautin da ke faɗawa tsakanin maɓalli biyu na fiyano. Furodusa ya ji haka, sai ya ɗauka mai udu (garayar Larabawa) ko mawaƙiyar ta kauce, ya sa Auto-Tune, manhajar gyara amo, ya miƙe muryar. To, abin da ya miƙe ɗin shi ne ainihin abin da ya nemo ta dominsa. Tsarin da nake bi shi ne a fara naɗar baƙon, sannan a saita na'urori su bi shi. Bes ya tsaya a kan tushen amon da na biyar ɗinsa, a rage cunkoson fiyano, in ta kama a cire shi baki ɗaya. Gamelan, kiɗan rukunin kayan ƙarfe na Indonesiya, ya fi haka wuya, don kowane rukuni da irin saitinsa, ba lallai ya dace da na wani rukunin ba. Mai kora kuwa, wato molon Afirka ta Yamma, tsirkiya 21 gare shi, sake saita su aiki ne. Tambaye shi a wane amo yake, kai ka koma can, tunda kai maɓalli ɗaya za ka danna.

Gutsuren sautin da ake saya a intanet suna da amfani wajen gwaji, amma makaɗi mai rai ya fi su nesa ba kusa ba. Aika masa ganga da bes kawai, ka roƙi naɗi uku: ɗaya yadda ka tsara, ɗaya yadda ya ga dama, ɗaya ba tare da gangarka a kunnensa ba. Sau da yawa na biyun ne ke shiga albam. Ya turo a tsarin WAV, bit 24, ba tare da amsa-kuwwa ko wani ado ba. In naɗin ya iso, kada ka bar manhaja ta jera kowane bugu a kan layi. Ɗan jinkirin hannun mai gangar tabla ko ta konga shi ke motsa kafaɗa.

Baƙo ɗaya a waƙa, in an matsa biyu. Waƙar da ta tara sitar da udu da kora da ƙaho takan koma kamar ɗakin da kowa ke magana lokaci guda. Abin da zai sa waƙoƙi goma su zama albam ɗaya shi ne ka riƙe babbar ganga iri ɗaya da bes iri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Batun haƙƙin mallaka kuma, duk gutsuren da ka ciro daga tsohon faifai yana da masu shi kashi biyu, mai naɗin da mai waƙar, kuma kowanne sai ya ba da izini. Waƙa ta kasance ta gargajiya bai sa naɗinta ya zama na kowa ba. Ku rubuta kason kowa ranar da aka yi aikin, sunan makaɗi kuma ya fito a jikin waƙar.

Wajen tace sauti, duk abin da ke ƙasa da hertz 120 ka tara shi a tsakiya, don manyan lasifikan wurin rawa da yawa haka suke fitar da shi. Ganga da bes ɗin amapiano suna yawan takun saƙa a nan, sai ka sa bes ya ɗan durƙusa duk lokacin da ganga ta buga. Kada ka matse sauti don neman ƙara, Spotify na daidaita ƙarar waƙoƙi a wajen -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Waƙoƙin da kake so DJ ya ɗauka, bar musu gaɓa 16 ko 32 ta ganga zalla a farko da ƙarshe. Sannan ka jera albam ɗin gudu na hauhawa a hankali, ka kunna shi a tsaye daga farko zuwa ƙarshe. Duk inda ƙafarka ta tsaya, sauya wa waƙar wuri ko ka cire ta.