Neman aiki a wata jiha tun kana gida: abin da za ka kammala kafin ka ɗaure kaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya hau mota tukuna, sannan ya fara neman aiki. Ya sauka Abuja ko Legas da ɗan guzurinsa, ya raɓa a ɗakin wani, kafin wata ya zagayo kuɗin sun ƙare, sai ya karɓi duk aikin da aka miƙo masa a kan duk albashin da aka yanka. Alhali mafi yawan hidimar ana iya yin ta daga Katsina ko Gusau ko Azare da waya a hannu, kuma mai nema daga gida yana da bakin cewa a'a.

Fara da tsayar da gari ɗaya, in ya yi yawa biyu. Abuja ta ma'aikatun tarayya ce da ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyi. Legas ta kamfanoni da bankuna ce, ga tashar jiragen ruwa ta Apapa da masana'antun Ikeja. Fatakwal harkar mai. Maiduguri da Damaturu da Yola kuwa ƙungiyoyin agaji, inda jin Hausa tare da Barbarci ko Fulatanci kan fifita ka a kan wanda ya fi ka takardu. Aikin gwamnatin wata jiha kada ka ɗora buri a kansa: 'yan asalin jihar ake fara dubawa, baƙo sau da yawa kwantiragi yake samu. Na tarayya kuma da kason jiharka ta asali ake ɗaukar ka, ko ina kake zaune.

Shi ya sa takardu a gida ake gyara su. Takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, ta haihuwa ko rantsuwar shekaru daga kotu, sakamakon WAEC ko NECO, shaidar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, lambar NIN da BVN. Malamin makaranta ya tabbatar da rajistarsa da hukumar rajistar malamai ta TRCN, nas da ungozoma su duba ko lasisinsu bai ƙare ba. Sai ka baza su duka a tabarma ka karanta sunanka a kowace. A nan ake yawan faɗuwa: Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, sunan gari ya shigo a ta uku, ranar haihuwa ta sha bamban tsakanin NIN da takardar makaranta. Kamfani ba zai tsaya jin bayani ba, na bayanka zai kira. Gyaran yana cin makonni, kuma ya fi sauƙi inda ka san kotu da ofishin NIMC mai ba da lambar NIN. Idan sun daidaita, ɗauki hotonsu tsaf, haɗa su a fayil ɗin PDF ɗaya, ka aje kwafi a imel ɗinka.

A takardar CV kada ka ari adireshin ɗan uwa ka nuna kamar a garin kake. Ranar da aka ce ka zo gobe ƙarfe tara kana Sakkwato, ƙaryar ta fito. Rubuta garinku, ka ƙara layi ɗaya a sama: a shirye kake ka koma Abuja cikin sati biyu da samun takardar ɗauka, da kuɗinka. Abin da mai ɗaukar aiki yake tsoro game da ɗan nesa ke nan, ko zai zo da gaske, kuma wa zai biya.

Shafuka irin su Jobberman da MyJobMag da LinkedIn suna ba ka damar tace guraben aiki da sunan gari, ReliefWeb kuma ta ƙungiyoyin agaji ce. Amma da ɗan gari kan ci gari. Nemi tsofaffin abokan karatu da na bautar ƙasa da suke can, da 'yan garinku mazauna Agege, Mile 12, Idi-Araba a Legas, ko unguwar Sabo a Ibadan. Kada ka ce musu kawai "a taimaka mini da aiki", wannan ba ya kai kowa ko'ina. Ka ce ga abin da ka iya, ga wurare uku da kake hari, wa suka sani a ciki? Tun yanzu kuma ka nemi wanda zai tsaya maka garanto, domin ayyukan da ake riƙe kuɗi ko kaya ko mota kusan duk suna neman mutum ɗaya ko biyu, galibi mazauna garin. Ɗan acaɓa ya bincika dokar gari tukuna: an hana haya da babur a tsakiyar Abuja, Legas ma ta hana a ƙananan hukumomi irin su Ikeja, Surulere da Apapa a 2022.

Duk inda aka kira ka, bincika kafin ka motsa. Sa sunan kamfanin a shafin binciken hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ka ga ko yana da rajista. Tura wani ya je adireshin ya gani da idonsa, akwai allo, akwai ma'aikata? Wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko na horo ko na "gurbi" kafin a ɗauke ka, ɗan damfara ne, ko da ya ambaci babbar ma'aikata. Saƙon da ya gayyace ka intabiyu a wurin da ba ka nema ba, ba sunan muƙami, a otal ko gidan wani, rabu da shi. A 2021 an kashe wata matashiya a Akwa Ibom bayan an yaudare ta da kiran neman aiki. Mace ko namiji, ka bar wa wani adireshi da lambar wanda ya kira ka, ka je da rana.

Roƙi a yi zagayen farko ta bidiyo. Gwada sabis a ɗakin da za ka zauna, cika waya da caji, tanadi layi na biyu. In dole sai an gan ka, yi ƙoƙarin haɗa ganawa biyu ko uku a tafiya ɗaya, ka isa kwana guda kafin ranar. Daga Kaduna akwai jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Kubwa da Idu a Abuja. Yi amfani da wannan zuwan ka zaga unguwannin da za ka iya zama, ka hau motar haya da safe a lokacin fita aiki, ka ga tsawon tafiyar da kanka.

Lissafi shi ne inda albashi mai daɗin ji yake narkewa. Tambayi abin da zai shigo asusunka bayan an cire haraji da kashi 8 na fansho, ba jimlar da ke kan takarda ba. Haya a manyan birane ta shekara ake biya gaba ɗaya, dillali kan karɓi kashi 10, lauya ma kashi 10, ga kuɗin ajiya don ɓarnar da ka iya faruwa. A misali, ɗakin naira 900,000 ya zama 1,080,000, wato 90,000 a wata. In kuɗin mota 3,000 ne a rana, kwana 22 sun ci 66,000. Mai karɓar 250,000 saura 94,000 ke nan a hannunsa, bai ci abinci ba, bai aika wa iyaye ba. Sa farashin gaske na garin a wannan lissafi, ka kwatanta da abin da yake rage maka a gida. Mararaba, Nyanya, Suleja da Zuba sun fi tsakiyar Abuja sauƙin haya, amma cunkoson hanya da kuɗin mota suna karɓe wani ɓangare na rangwamen.

Kada ka aje aikin da kake yi saboda alkawarin baki ko saƙon WhatsApp. Jira takardar ɗauka mai ɗauke da muƙami, albashi, wurin aiki, ranar farawa da tsawon lokacin gwaji, wanda yawanci wata uku ne zuwa shida. Sai ka ba da notis yadda yarjejeniyarka ta tanada, ka karɓi takardar sallama. Lambar asusunka na fansho ba ta canzawa, ita za ka miƙa wa sabon wuri.

Albashin farko sai ƙarshen wata, wani lokaci ya zarce, don haka tafi da abin da zai riƙe ka wata biyu. Mai iyali ya fara yin gaba shi kaɗai, kada ya saki gidan hayarsa na gida har a tabbatar da shi a aiki. Ɗauko yara kuma a daidaita shi da dogon hutu, su shiga sabuwar makaranta a watan Satumba da takardar canjin makaranta da sakamakon zangon ƙarshe a hannu.