Yadda Ake Kiwon Murjani a Ƙaramin Tankin Ruwan Gishiri

Murjani wata halitta ce mai rai da ke manne wa duwatsu a cikin teku. Mai fara kiwonsa ya zaɓi tankin gilashi mai cin lita 75 zuwa 100, domin yanayin ruwa kaɗan yana saurin sauyawa. A narkar da gishirin teku na musamman cikin tataccen ruwa, kimanin giram 35 a kowace lita, a riƙe ɗuminsa tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Celsius. Bayan an zuba yashi da duwatsu, sai a jira mako huɗu zuwa shida kafin a saka kifi, har bakteriyar da ke cinye gubar amoniya (sinadarin da ke fitowa daga kashin kifi) ta yawaita. A nan ne gaggawa ta fi yin ɓarna. Murjani mai laushi ya fi sauƙin kiwo, amma yana bukatar haske da motsin ruwa. Idan ruwa ya ragu, a cike da maras gishiri, tunda gishiri ba ya bin tururi.