Kurakuran da ake yi idan aka gayyato mazan jiya laburare

Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1967, da ɓarkewar Yaƙin Basasa, yau ya doshi 80. 'Yan yaƙin Bama kuwa sai dai a ji labarinsu a bakin 'ya'ya da jikoki. Shi ya sa yake da ciwo a samu tsohon soja ya yarda ya zo laburare a Sakkwato ya ba da labarinsa, sannan a ɓata zaman.

Babban kuskure shi ne mayar da abin taron manyan baƙi. A yi ta jawabi har rana ta take, sai dab da azahar a miƙa wa Baba makirfo a ce ya taƙaita. Taron kujeru a bar wa 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya. Zaman labari da hantsi ake yinsa ko bayan la'asar, mutane kaɗan, da ruwan sanyi kusa.

Sai tambaya. Ba a rasa matashin da zai ce, "Baba, mutum nawa kuka kashe?" Daga nan bakin tsoho ya rufe ke nan. A fara da abin da ba ya sosa tabo: yadda aka ɗauke shi, horon Daffo na Zariya, abincin bakin daga, yadda wasiƙa ke isowa gida. Idan ya yi shiru a ƙyale shi, sau da yawa abin da ke biyo bayan shirun ne ake nema.

Kada a gyara masa shekara a gaban jama'a. In ya ce "shekarar da aka kashe Sardauna", a rubuta yadda ya faɗa, a sa 1966 a gefe.

Ana kuma mancewa da matan da suka riƙe gida a bariki, da waɗanda suka je Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, daga 1990, wai su ba su tsufa ba tukuna.

Ɗaukar murya a wayar mutum ɗaya ganganci ne, waya na ɓacewa. A nemi izinin Baba tun kafin a kunna, a tambaye shi abin da ba ya so a yaɗa. Kwafi ɗaya na laburare, ɗaya na iyalinsa, na uku a tuntuɓi Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ko za ta adana. Takardar sallama da lambobin yabo a ɗauki hotonsu, a mayar masa da abinsa a ranar.