Kafin ka buga ƙusa a tsohon shago a Ingila

Ɗan'uwa, idan Allah ya kai ka birnin Oxford, tsaya a kusurwar da titin Cornmarket ya haɗu da Ship Street ka ɗaga kai. A ƙasa shaguna ne, ana ciniki kamar ko'ina. A sama kuwa ginin katako ne, benen ya turo ƙirji kan titi, itatuwan sun karkace saboda tsufa. Wajen shekarar 1386 aka gina shi a matsayin masaukin matafiya mai suna New Inn, kamar dai zangon da fatake ke yada kaya su kwana. Sashensa ne kawai ya rage, kuma mallakar Kwalejin Jesus ta Jami'ar Oxford ne.

Na kawo shi ne saboda irin waɗannan gine-gine sun cika garuruwan ƙasar, kuma a cikinsu ne wasunmu kan sami hayar shagon ɗinki, na aski ko na kayan miya. Gwamnati ta sa su a rajistar gine-ginen tarihi, wadda hukumar Historic England ke kula da ita. Matakai uku ne: na ɗaya, na biyu mai tauraro, sai na biyu, wanda ya ƙunshi fiye da kashi 90 cikin 100. Kusan duk ginin da ya girmi 1700 kuma bai sauya kama sosai ba yana ciki.

Inda mutanenmu ke tuntuɓe shi ne zaton kariyar ta tsaya a fuskar gini. A'a, har ciki ta shiga: matattakala, murhun bango, tsohuwar ƙofa. Sauya taga saboda sanyi, huda bango don bututun hayaƙin kicin, kafa allon suna ko faifan tauraron ɗan'adam, duk kana iya buƙatar izinin ƙaramar hukuma tukuna. Dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990 ta mayar da yin aiki ba izini laifi, hukuncinsa na iya kaiwa tara marar iyaka ko ɗaurin shekara 2. Cewar mai gida "yi kawai" ba za ta cece ka ba.

Saboda haka kafin ka sa hannu a takardar haya, shiga shafin hukumar Historic England a intanet ka rubuta lambar gidan waya ta unguwar (postcode). Idan ginin ya fito, kira jami'in adana gine-gine na ƙaramar hukumarku, ka faɗa masa abin da kake son yi dalla-dalla. Neman izinin kyauta ne, amma ka ware masa kamar mako 8.