Yadda mai sana'ar bidiyo a intanet zai cike takardar harajinsa a Sakkwato

Kuɗin da YouTube, TikTok ko masu talla suka biya ka kuɗin shiga ne, kuma tunda kana zaune a Sakkwato, Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jiha ce ke karɓar harajinka. Wa'adin miƙa bayanin shekarar da ta wuce shi ne 31 ga Maris.

Fara da samun lambar haraji, ka tafi da lambarka ta NIN. Sannan ka karɓo bayanan asusunka daga banki, Janairu zuwa Disamba, ka tara duk abin da ya shigo daga aikin. Dalar da aka turo maka ka mayar da ita naira.

Daga nan sai cire kuɗin da aikin ya ci, kuma a nan ake yawan kuskure. Data, man janareta, ladan mai tace bidiyo, kuɗin motar zuwa ɗauka a Wurno ko Illela, duk suna shiga, muddin don aikin aka kashe su kuma akwai rasit. Wayar da kake ɗauka da ita kuma kake hira da 'yan uwa, kason aikin kawai za ka rubuta. Shaddar Sallah ba ta shiga, ko da ka fito da ita a bidiyo. Kyamara da kwamfuta kuwa ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya, ana rarraba shi kan shekaru.

A dokar da ta fara aiki Janairun 2026, naira 800,000 na farko cikin abin da ya rage maka a shekara babu haraji a kansu. Cike fom, ka biya ta banki, ka adana shaidar biya.